Ragar Iska

Lahadi ce, Agege ta yi laushi,
jirgi ya wuce, layin dogo na huci.
Na ɗaga bonet ɗin tsohuwar motata,
shekararta sha tara, biyar a hannuna,
sauran a hannun wani Bature da ban sani ba.

Tanimu mai wankin mota ne ya kawo zancen:
"Ba ciwo ba ne, numfashi ne ya yi mata kaɗan.
Akwai wata raga a maƙogwaronta,
cire ta ka ga gudu."
Shi ko keke bai mallaka ba,
amma magana a bakinsa kamar an zuba mata mai.

Sukurori biyu, kilif ɗaya,
na zaro ta, baƙa, ba ta fi tafin hannu ba,
sansar iska, in ji 'yan gareji.
Na ɗaga ta saitin rana na leƙa:
ga ragar nan, ƙananan idanu a jere
kamar saƙar zumar da kuda ya yi wa ƙaura,
a bayanta wata 'yar waya
wadda silin gashi ya fi ta kauri.

Na sa bakin sukudireba.
Ta ƙi. Na yi bisimilla na danna.
Ta fito a lanƙwashe, ko ƙara ba ta yi ba,
ta faɗo tafina ba nauyi,
kamar ba ta taɓa yin aikin komai ba.

Litinin na hau titin Ikeja
ina rantsuwa motar ta ƙara ƙarfi.
Kunne ne ya ji gurnani,
zuciya ta raɗa masa suna gudu.

Laraba, goslo a Oshodi.
Fasinja uku a baya, ɗaya da kwandon kifi.
Allurar injin ta soma rawa,
ta hau, ta sauka, motar ta yi tari,
wata fitila ruwan lemo ta buɗe ido a gabana.
Sai shiru.
Danfon baya ya kwanta a kan hon,
kwandasta ya zage ni da yare biyu,
na gane ɗaya da rabi.
Mai kifi ta sauka ba ta biya ba.
Ban ga laifinta ba.

Sikiru ya zo da la'asar, hannu duk baƙin mai,
ya leƙa, ya ja tsaki mai tsawo,
ya ce da Hausar da ya tsinta a Zango:
"Malam, wa ya aike ka?
Ragar nan ba ta hana iska shiga,
sahu take gyara mata.
In iska ta zo a hargitse
wayar nan ba ta iya ƙirga ta,
sai ta yi wa injin ƙarya,
injin ya sha mai a kan ƙarya."

Na dubi titin.
Mota biyar a wurin mota uku,
kowa na sauri, ba mai tafiya.
Ban ce komai ba.

Ba a sayar da ragar ita kaɗai.
A Ladipo, Chijioke ya ce sai dai sansar ɗungurungum,
'yar Beljiyam, dubu talatin da biyar.
Na roƙa har bakina ya bushe, ya rage uku.
Kuɗin takalmin makarantar Ummita ne,
ta yi wata guda da tsohon.

Tanimu na nan yana wankinsa.
Jiya na ji shi da wani baƙon direba,
ya koma zancen salansa.

Ita kuwa ragar tana akwatin gaban mota
tare da rasit da ɓarin busasshen goro.
Wani sa'in in goslo ya kama ni a kan gada,
ruwa ta dama, ruwa ta hagu,
nakan ɗauko ta in kara a ido
in kalli Legas ta cikinta:
kowace mota a ɗan ɗakinta,
kowane mutum a gurbinsa, tsaf.

Sai na baya ya danna hon.