Babi Na Farko

An ce in cika shafi uku
da dalilin ajiye rakoda
a bayan aji, a lakwal ta Bagalam,
wata huɗu tana shan ƙurar alli.

Na rubuta "giɓi a fagen ilimi."
Na soke. Alƙalami ma ya ji kunya.

Dalilin dai Ilu ne.
Shekara bakwai yana haddar Ingilishi,
ran da ya tsallaka da wake Jibiya
aka miƙo masa takarda,
harshe ya ƙi tashi.
Jika ashirin ya yi asara
kan kalmar da ya sha rera wa mushe.

Malaman jami'a ba su son labari.
Na binne sunansa a ƙasan shafi,
ƙanana-ƙanana,
yadda ake binne iri.