Ladidi Ta Ce Mai Sauƙi Ne

Jajibirin Sallah Ladidi ta zame a bakin famfo,
hannun dama ya kwanta cikin karan ɗori.
Baƙi goma sha huɗu na tafe gobe,
ni kuwa tela ne a Aboabo,
iyakar sanina allura da zare.

Ta zauna kan 'yar kujera, ta jingina da bango.
"Mai sauƙi ne, Barau, daina zare ido.
Rogo biyu, agade ɗaya, haka ake auna su.
Fere, wanke, ɗora. Sauran aikin wuta ne."

Na nufi Kejetiya da cefane a rubuce
a takardar awo, ƙarƙashin tsawon wandon Alhaji Sanda:
yalo, tumatir, citta mai yatsu, kaza mai nauyi.
Mai yalo ta dube ni sama da ƙasa,
ta jefa wata magana da Asantanci,
layin kaf ya fashe da dariya.
Sai ta ƙara mini gyara uku, don tausayi.

Da asuba kaza ta hau wuta da albasa.
Yalo da barkono suka dahu a kanta,
na tsame, na niƙa a asanka har kafaɗa ta yi tsami,
na mayar.
"Kar ka dama ta kamar ana bin ka bashi.
Miya ba ta son mai gajen haƙuri."

Sai daka.
Turmi bai san ni ba, ban san shi ba.
Taɓarya ta bugi baki, ta bugi gefe,
rogo ya yi tsalle ya tafi wajen kaji.
Ta bayan katanga Eno Pokuwa ta ɗaga murya:
"Wa ke kashe turmi a gidan nan?"

Ta shigo tana ɗaura zani, ba ta jira amsa ba.
Ta jiƙa hannu, ta tsuguna, ta ce, "Buga."
Na ce ina tsoron yatsunki, Eno.
Ta ce, "Shekara arba'in suna shiga suna fita,
ba tela ne zai fara karya su ba."
Tim, ta juya. Tim, ta naɗe.
Can na ji ƙirjina da taɓarya sun kama taki ɗaya,
sakwara ta soma sheƙi kamar goshin jariri.

Kelewele kuwa, kaskon farko gawayi na kwashe.
Yara suka cinye, suka ce a sake ƙonawa.
Na biyu ya fito ja, citta da kanumfari
suna cizon hanci har bakin titi.

A cincin ne kawai na rama.
Na shimfiɗa kwaɓi kamar shadda,
na ɗauko almakashin shago na wanke,
na yanka kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa.
Eno ta ɗaga guda tana duba a rana,
ta ce ko maɓalli sai haka.

Bayan Idi tabarma ta cika.
Kawu Shekarau daga Asawase ya ci karo da gudaji.
Na ga lokacin. Ya tsaya, ya dubi rufin kwano,
ya haɗiye da ƙyar,
ya miƙo akushi a ƙara masa romo.

Da suka watse, tsakar gida ƙashi da ɓawon lemo,
na lura Ladidi ba ta ci komai ba.
Ba za ta sa hagu a kwano gaban mutane ba.

Na wanke hannu, na zauna a ƙasa,
na gutsuro loma, na yi mata rami da babban yatsa,
na cika da miya.
Ta haɗiye, ta yi shiru.

"Gishiri bai ji ba," in ji ta,
ta sake buɗe baki.