Mai Ƙaho Biyu

Daga Yakasai na hau adaidaita zuwa Fam Senta,
dubu talatin a aljihun ciki, hannuna dafe da su.
Sagiru ya jera mini su kan gilas kamar kajin kasuwa:
wannan ƙaho huɗu, wancan shida,
baƙin nan kuwa, in ji shi, har maƙwabta sai sun sha.

Na ce ba maƙwabta na zo shayarwa ba.
Shagon ɗinki ne a zaure, keke uku,
masu kaya na turo samfuri ta waya,
sai Ummita a ɗakin ƙurya
da malaminta da ke daskarewa tsakiyar magana.

Ya tambayi katangarmu. Na ce ta ƙasa ce,
ginin kakana, kauri kamu biyu.
Ya yi dariya: Malam, ko mai ƙaho goma
ba ya ratsa aikin mutanen da.
Rataye shi a rumfar tsakar gida, sama da igiyar shanya.

In an ɗauke wuta fa?
Sai ya miƙo fari, ƙarami, mai ƙaho biyu,
wanda ɗan batir ke riƙewa har la'asar.
Ashirin da takwas. Na taya da biyar. Albarka.
Na juya kamar zan tafi,
muka daidaita a da shida.

Ga shi can yanzu a rataye,
koren idonsa na ƙiftawa.
Sunan kakana na sa kalmar sirri:
shi ya tare hanya,
shi ke buɗe ta.