Burtali a Hawa na Uku

Ƙarfe goma na dare suka ba mu makulli,
ni da Obinna, da injin da muke kira Tsohuwa
saboda tarin da take yi kafin ta tashi.
Hawa na uku, titin Allen, Ikeja,
ofishin masu nema wa mutane biza.

Kafet ne mai gashi, tsawon ɗan yatsa.
An ce fari ne ranar da aka shimfiɗa shi.
Yau ya koma kalar kwatar Agege bayan ruwa ya ɗauke.
A gindin bango gashin na tsaye abinsa
kamar bai san me ake ciki ba,
amma daga ƙofa zuwa tagar mai karɓar kuɗi
an taka, an taka, an taka,
har ya kwanta ya zama burtali.

Na durƙusa na nutsa hannu.
Babana majemi ne a Talatar Mafara.
Yakan ce, Sallau, fata ba ta ƙarya,
duk inda tunkiya ta kwana yana jikinta.
Buzu nawa na wanke masa, hannuna duk bagaruwa,
ban san a Ikko zan ci gadon ba.

Ba a farawa da ruwa.
Wanda ya fara da ruwa laka ya kwaɓa da kuɗin mai gida.
Tajewa ake yi tukuna,
a ɗaga gashin saɓanin kwanciyarsa,
a hankali, kamar mai tsefe wa yarinya kitso,
sannan Tsohuwa ta zuƙe.

Yashi ya fi mudu biyu.
Ɓawon gyaɗa, ɗan kunne ɗaya,
layin waya da aka karya da haushi,
sai hoton fasfo na wata mata
ta ɗaure fuska yadda aka ce ta yi,
dundunniyar takalmi ta bi ta goshinta.
Obinna ya ce jefar.
Na sa a aljihu.

Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta.
Muka zauna a duhu muna jiran mai gadi ya tada janareta,
kiɗan gidan rawa na hawowa ta taga.
Nan Obinna ya ce, ka san sau biyu na biya a tagar can?
Ban ce komai ba.
Ashe cikin sawun da muke wankewa har da nasa.

Kumfa kaɗan, kaɗan ƙwarai.
Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ba ta shanya komai,
in ka cika ruwa, jibi a kira ka
a ce ɗaki na warin jiƙaƙƙen kare.
Tururi ya bi, muka tsotse, muka sake tsotsewa,
fanka uku muka kafa masa,
gwiwoyina suka daina jin nasu ne.

Da asuba ya miƙe, fari tas,
kamar ragon layya da yara suka kai rafi.
Sai dai in ka karkata kai ta wajen haske
burtalin na nan, siriri, bai tafi ba.
Sabulu datti yake fitarwa.
Nauyin jira kuwa ba aikinsa ba ne.

Madam Folashade ta zo ta shinshina,
ta taɓa da yatsan ƙafa, ta ƙirga mana kuɗi.
A matakala layi ya riga ya kai ƙasa.
Na farko wani saurayi ne da ambulan a hammata,
ya ga farin, ya tsaya, ya tuɓe takalmi.
Sakatariya ta yi dariya.
Ya shigo da safa mai huji,
ya ɗora ƙafa daidai inda na kwana ina tayarwa.

Na jingina hoton matar a jikin taga,
fuskarta na kallon ƙofa,
na goge goshin da babban yatsa.
Muka ciccibi Tsohuwa, hawa uku,
Obinna a gaba, yana ba mutane haƙuri su matsa.