Ɗigo Uku

Rabe ɗan gwangwan na da rumfa bayan Ƙofar Ƙaura,
inda ƙarfe ke zuwa hutu in aiki ya ishe shi.
Ran Laraba na je neman boris na injin niƙa,
sai ya turo wani gwangwanin fenti da ƙafa,
ya ce, "Sada, tsaya ka gani, kaya sun sabka."

Mariƙan wuƙa ne na injin fiƙar ƙarfe, guda biyar,
irin waɗanda ba ruwansu da sifana:
ka ja hannu, ka zare wannan, ka zura wancan,
kafin mai babur ya gama kukan tsadar aiki
ka sauya baki, ƙarfe na ta zubar da gashi.

"Daga Jamus," in ji Rabe, "jirgin ruwa ya kawo.
Ko sati ba su yi ƙasar ga ba.
Dubu sha biyu kowane, shi ma don kai ne."

Na ɗauki na fari, na goga da bakin riga,
tsatsar sama ce, ba ta ci ciki ba.
Na biyu an matse shi har wuya ya tsage,
aikin yaron da ƙarfi ya riga hankali zuwa.
Na ukun na juya cikinsa sama,
sai yatsana ya riga idona gani.

Ɗigo uku, biyu a jere, ɗaya ya kauce.
Ni na buga su da ƙusar kankare,
ina kan na ukun aka ɗauke wuta.
Ga ma notin da na ciro jikin tsohuwar Basfa
na ɗaura masa, ran da nasa ya faɗa kwata.
Jamus ke nan!
Jamus ta Rafin Daɗi,
shagon da ke kallon kaskon ƙosan Zulai.

Shekara shida ke nan, tsakiyar damina,
kwayil ya ƙone, haya ta zo, Bishir na gadon asibiti.
Na zuba su buhun siminti na kai wa wani ɗan Jibiya,
uku-uku ya biya, yana duban agogo.
Tun ranar sai na kwance ƙusa huɗu nake sauya wuƙa,
ina cusa gutsuren gwangwani har tsayi ya daidaita.

Amma ƙasan ɗigona akwai abin da ban sani ba:
wani ya zana ƙafar kaza da zarto,
wani ya ɗiga jan fenti.
Hannu biyu ke nan bayana, ko ma fiye.
Ko Maraɗi ya kwana, ko Funtuwa, bai faɗa mini ba.
Su kuma ko me ya ƙone musu?

Ban ce wa Rabe uffan ba.
Mai saye in ya bari so ya hau fuskarsa
ya gama cinikin da kansa.
Na ɓata rai, na ce haƙoran ƙusar sun cinye,
na taya bakwai, ya ce albarka.
Na miƙe, sai da na kai bakin kwalta ya kira.
Tara, in ji shi.
Na ce takwas da rabi, shayi a kaina.
Ya ce, "Na sallama, ka dai ci kayan Jamus a banza."

Boris ɗin ban saya ba, kuɗin sun ƙare.
Na dawo shago na zura shi mazauninsa,
na ja hannu, ƙas, ya zauna
kamar wanda ya fita alwala ya dawo.
Tsayin ne kurum ba nawa ba,
an ɗaga shi da kaurin farce;
injin mai jan fentin ya ɗara nawa, ga alama.
Na sassauta notin Basfa, na sauke shi.

Wuta ba ta zo ba sai bayan isha'i.
Yara sun tashi, Zulai ta kife kasko.
Ni dai na jira ta.