Jan Biro Kafin Kwalta

Ran Litinin suka miƙo min zane,
Takarda mai faɗin tabarma,
Layi biyu sambal daga Agoro, kamar zaren saƙa.
Injiniya Mudassir ya ce, "Sa hannu kawai,
Minti tara za mu rage wa mai tafiya."

Na duba sama, na duba ƙasa.
Ga magudana, ga fitilu, ga awon gangara,
Ga kaurin tsakuwa, ga nauyin tirela,
Amma ban ga sawun mutum ko guda ba.
Na naɗe zanen, na soka a hammata,
Na ce bari in je in tambayi hanya.

Kwana shida ina kan bencin Tasi'u mai faci,
Littafi a cinya, ina ƙirga masu tsallakawa.
Bakwai da kwata, yara ɗari biyu da sha ɗaya,
Wasu da jaka, wasu janye da ƙanne.
Wata ta ƙetare lafiya, sai ta juya a guje,
Silifas ɗinta ya tsinke a tsakar titi.
Na ba ta shafi guda ita ɗaya.

Lantana mai ƙosai ta ce, "Malamin takarda,
In kun kafa shingen kankare a tsakani,
Famfo yana can, gidajenmu suna nan,
Ta ina jarka za ta bi?"
Na nuna mata gadar sama a zane,
Taku ɗari bakwai, gaba da gidan mai.
Ta yi dariya har mai ya fantsama.
"Matakala arba'in, da ruwa a ka?
Kai da ba ka ɗauki komai ba, za ka hau?"
Na sunkuyar da kai don kunya.

Baba Ɗanjuma, da yana ta rufe wa ido,
Da kunne yake ƙetarewa.
Ya ce, "Ramukan nan da kuke zagi,
Su ke sa direba taka birki.
In kun shafe su sumul, wa zai jira ni?"
Wannan tambayar ba ta cikin littafin makaranta,
Ita ta hana ni barci har asuba ta waye gaba ɗaya.

Ran Alhamis na durƙusa a bakin kwana,
Daidai tsayin ɗan shekara shida.
Katangar shago ta shanye min gabas,
Sai ƙarar mota, ba motar.
'Yan acaba suka ɗauka salla nake yi a kan hanya.

Da dare na zare jan biro.
Na sauko da matsallaka inda ƙafa ta riga ta zaɓa,
Na ɗaga ta tudu, na sa tsibiri a tsakiya
Inda mai jarka za ta tsaya ta huta.
Na ware wa keke wurin sauke fasinja,
Na datse gudu tun daga nesa da firamare.
Zanen ya koma kamar jarrabawar ɗalibin baya.

A taro aka ce na tsawwala.
Minti taran nan ya koma shida,
Kuɗi kuma ya hau.
Ɗan kwangila ya ce, "Ai ba wanda ya mutu a wurin."
Na ce, "Shi ya sa na zo yanzu.
Kuskuren takarda da magogi ake share shi,
Na kwalta sai an zauna ta'aziyya."

Cikin gyara bakwai, huɗu suka karɓa.
Katangar shago tana nan, an ce sai baɗi.
Na sa hannu, na rubuta ƙorafina a ƙasa,
Da kwanan wata, don kada a ce ban faɗa ba.

Jiya na bi ta wurin, an kafa turaku,
An shafa musu jan fenti a ka.
Lantana ta ƙulla min ƙosai, ta ƙi karɓar kuɗi.
Baba Ɗanjuma yana bakin titi, sanda a hannu,
Ya karkata kai, yana sauraron hanya.