Shekarun Kishimi

Ni ɗan kudu ne, a bayan Laredo na tashi,
ƙasar ƙaya da rana, inda sama ke yi wa ciyawa rowar ruwa.
Can in kishimi ya kai laba ɗari da talatin
sai a kira maƙwabta, a ce ku zo ku ga ƙato.
Da wannan idon na zo Minnesota tatsar shanu,
riga ɗaya a jikina, sai a nan na san ɗari.

Asabar ta farkon Nuwamba Arvid ya ara min bindiga,
ya zaunar da ni a bakin gonar masara da aka girbe.
Na daɗe har yatsuna suka daina jin magana.
Can sai ga shi ya fito daga cikin itatuwa,
ƙaho da rassa takwas,
ƙirji kamar ƙyauren rumbu,
numfashinsa na tashi fari-fari.

Na ce a raina, wannan ai kakan dawa ne,
ya ga damina bakwai, ko takwas ma.
Mu biyu muka ja shi, muna hutawa muna haki,
har Arvid ya yar da safar hannunsa ɗaya a garari.

A rumfar awo akwai wata dattijuwa, Marlys,
tabarau a kan hanci, kofin gahawa ya huce a gefe.
Ba ta ko kalli ƙahon ba.
Sikeli ya ce ɗari biyu da huɗu, ta rubuta.
Ta sa ƙarfe ta buɗe bakin, ta haska tocila,
ta bi matauna da ɗan yatsa kamar mai ƙirga kuɗi.
Ta ce: biyu da rabi.
Na ce: Hajjaju, sake dubawa.
Ta ce: ƙaho abinci ne, jiki kuma sanyi ne ya gina shi,
wanda bai tara nama ba, Janairu ba ta barin sa.
Dubi ƙafafun, dogaye kamar na aro.
Dubi bayan, bai lotsa ba, cikin bai sauka ba.
Yaro ka harbo, babban yaro.
In kana son shekara, tambayi haƙori.

Da dare na kira babana, Eleuterio.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce bara ya sami wani a bakin rafin da ya ƙafe,
ɗan tsurut, shi kaɗai ya ɗora shi a mota,
amma bakin duk ya cinye, yashi ya goge shi sumul,
wuya ya haɗe da ƙirji, fuska ta yi furfura.
Ya ce: wannan ya girmi naka sau uku,
kai dai ka tafi da ma'aunin gidanku wani gari.

Shekara goma sha huɗu ke nan.
Ɗana Isidro a nan aka haife shi, madarar nan ya sha,
takalminsa ba ya shiga akwatin da na zo da shi.
A kanti ana tambayarsa ko ya gama makaranta.
Da muka je kudu a watan Yuli
kakan ya tsaya a ƙofa, kansa iya kafaɗar yaron,
ya ɗaga ido, ya ɗaga, ya ɗaga,
sannan ya ce: sunkuyo, buɗe bakinka in gani.
Yaron ya buɗe. Tsohon ma ya buɗe nasa,
saura uku a ƙasa, ɗaya yana rawa.
Suka tsaya a haka cikin zafin la'asar,
kare yana kallon su daga ƙarƙashin mota,
ni kuma ina riƙe da jaka biyu, na rasa inda zan ajiye,
ina lasar wani gurbi a bakina da ban san da shi ba tun fari.